Yadda mashin ya shiga tsakanin tunkiya da mai kaɗi

Kun san wahalar auduga kafin ta zama zare: a gurje ta, a shiɓe ta, sannan mace ta ɗauki mazari. To, a ƙasashen sanyi gashin tunkiya ake kaɗawa, shi ne ulu. Tumakinmu, uda da balami, gashinsu gajere ne, ba ya kaɗuwa. Na can kuwa sau guda a shekara ake yi musu aski, ulun ya fito a haɗe kamar bargo.

Ɗanyen ulu ba ya kaɗuwa nan take. Yana cike da maiƙo da ƙasa da ƙaya. In aka wanke shi, sau da yawa kashi guda cikin uku na nauyinsa ya tafi, wani ma har rabi. Bayan ya bushe sai a tsattsage shi, a taje shi tsakanin alluna biyu masu haƙoran waya. Wannan tazar ita ce ke cin lokaci, ita ke kashe hannu.

A shekarar 1748 wasu mutum biyu a Ingila, Lewis Paul da Daniel Bourn, kowane ya yi rajistar mashin ɗin taza. Dabarar ganguna ce masu haƙoran waya suna juyawa, ulu yana bi ta tsakaninsu. Daga baya aka riƙa kafa irinsa a bakin rafi, ruwa yana juya shi. Manomi ya kawo wankakken ulunsa, ya biya lada, ya koma gida da shi a nannaɗe, matarsa ta kaɗa. Kamar dai yadda kuke kai hatsi injin niƙa ku dawo da gari, tuƙin tuwo yana nan hannunku.

Ku dubi abin da ya faru a tsibirin Haris da Luwis, yamma da Sikotlan. Mutanen can talakawa ne, masu kiwo da kamun kifi. Suna rina ulu, su kaɗa, su saƙa wani yadi mai kauri da ake kira Harris Tweed. Tun wajen 1846 matar marigayi mai ƙasar Haris, Lady Dunmore, ta fara nema masa kasuwa wurin manyan mutane. Masu saye suka yi yawa, taza da hannu ta kāsa. Sai aka fara aika ulu babbar ƙasa cikin jirgin ruwa don a taje. Nan fa matsala ta ɓullo. Izinin da ke taza yana da mashin ɗin kaɗi, wasu sai su karɓo zare gamamme, su saƙa, su sayar da sunan aikin hannu.

Don a toshe wannan hanya, a 1900 Sir Samuel Scott ya gina wurin taza a garin Tarbat cikin Haris. A 1903 aka kafa wani a Sitonowe cikin Luwis. Ba a daɗe ba mashin ɗin kaɗi ya biyo baya a Sitonowe. Ai mai neman riba ba ya tsayawa rabin hanya.

Masu riƙon gaskiya suka kafa ƙungiya a 1909, suka sami hatimi da ake bugawa kan yadin da aka kaɗa zarensa da hannu, aka saƙa da hannu. Amma mace guda ba ta iya ciyar da masaƙa mai sauri da zare. A 1934 aka sake ƙa'ida, aka yarda da zaren mashin, in dai cikin tsibiran aka kaɗa shi. Kasuwa ta buɗe, har a 1966 aka saƙa yadi sama da miliyan 7. Masaƙa sun ci riba. Mata masu kaɗi kuwa sana'ar ta fita hannunsu, kuma a ganinmu ba a cika faɗin wannan ba in ana yabon yadin. Dokar 1993 ta tsare saƙar hannu a gidan masaƙi, ba ta ce a yi kaɗi da hannu ba.

Tsohon tsarin bai mutu ba. Yau a Ingila da Amurka akwai ƙananan izini masu karɓar ɗanyen ulu daga mai tumaki kaɗan. Su wanke, su tsattsage, su taje, su mayar masa da shi kamar doguwar igiya mai laushi don kaɗin hannu. Galibi da awo ake biya, kuma mai ulu yakan jira watanni kafin layi ya zo kansa.