Dutsen Tiboli: Daga Ginshiƙi Zuwa Tayil

Kimanin kilomita 30 gabas da birnin Rum akwai garin Tiboli, inda ruwan ɗumi mai warin kibiritu ke ɓuɓɓugowa. Duk inda ya kwanta sai ya bar farar ƙasa, hawa kan hawa, har ta daskare ta zama dutsen tirabatin. Ƙananan ramukan jikinsa gurbin iska ne da na ciyayin da suka ruɓe a ciki.

Rumawan da ba ruwansu da ramukan nan, ƙarfin dutsen suke so. Da sarki Vespasian ya soma ginin Kolosiyam, babban filin wasa na Rum, wajen shekara ta 72 miladiyya, kusan kubik mita 100,000 aka kwaso daga Tiboli. Bangon waje ko kwaɓi ba a sa masa ba, da maƙalan ƙarfe aka ɗaure duwatsun. Manyan ramukan da ake gani a bangon yau aikin na baya ne, waɗanda suka bi ƙarfen suna ƙwaƙulewa. Da girgizar ƙasa ta 1349 ta rushe ɓangaren kudu, sai ginin kansa ya koma mahaƙa, manyan gari na ɗiba suna gina fadodinsu. Banza ta faɗi, wa zai je Tiboli?

Mai zanen gini Bernini ya ɗora a ƙarni na 17 da ginshiƙan tirabatin 284 da suka rungume dandalin Fatikan.

Injin yanka ne ya sauya komai. Dutsen da a da yake ɗauke da gini ya koma riga, ana yanka shi falle-falle a manna a kan kankare. Nan zaɓi ya shigo: in aka datse hawan a gicciye sai layuka su fito, in aka bi kwanciyarsa sai zane mai kama da gajimare. Cibiyar Getty ta Los Anjalas, wadda aka buɗe a 1997, ta sayi tan 16,000 daga Tiboli, amma mai zanenta Richard Meier ya sa aka tsaga akasarin dutsen maimakon a goge shi. A ganina ya fi kowa fahimtarsa.

Yau Turkiyya, musamman yankin Denizli, da Iran sun cika kasuwa da tayil ɗinsa, an toshe ramukan da siminti ko roba, an goge sumul. Masu shimfiɗa shi a kicin sukan manta asalinsa farar ƙasa ne: ruwan lemun tsami ya zuba, sai ya ci fuskarsa.