Kujerar Baya: Yadda Hawa Tsohon Jirgin Yaƙi Ya Zama Kyauta a Birtaniya

A Ingila ta yau, idan dattijo ya cika shekara saba'in ko ya yi ritaya, ba abin mamaki ba ne 'ya'yansa su yi karo-karo su miƙa masa ambulan. Ciki babu kuɗi, sai kati mai hoton jirgi mai farfela da lambar da zai kira ya tsayar da rana. An saya masa rabin awa a cikin Spitfire, jirgin da Turawan Ingila suke ganin shi ya fitar da su kunya a yaƙin Hitila. Kuɗin yakan kai fam dubu uku, wani lokaci ya ɗara. Sai dai Spitfire, yadda aka ƙera shi tun asali, kujera ɗaya gare shi tak, ta matuƙi. To ina fasinja yake zama? Kuma yaushe hukuma ta yarda a ɗauki farar hula a cikin makamin da ya kai shekara tamanin?

Sana'ar ɗaukar mutane yawo a rarar jiragen soja ta girmi Spitfire. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, gwamnatoci suka wayi gari da dubban jirage marasa aiki da dubban matasan matuƙa da aka sallama. Jiragen koyon tuƙi irin su Avro 504 a Birtaniya da Curtiss Jenny a Amurka aka yi gwanjonsu da araha. Matuƙi ya sayi ɗaya, ya roƙi manomi aron fili a bayan gari, ya riƙa kewayawa da mutane sama a kan 'yan sulalla. Alan Cobham ne ya fi kowa suna a wannan harka: daga 1932 zuwa 1935 yana bin garuruwan Birtaniya da ayarin jirage, kuma mutane da yawa a wurinsa suka fara raba ƙafa da ƙasa. Amma masu hawa a lokacin ba tarihi suke nema ba, tashin kansa shi ne abin kallo.

Spitfire ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936 a Eastleigh, kusa da Southampton. Wanda ya zana shi, R. J. Mitchell, ciwon daji ya kashe shi a 1937 yana da shekara 42, bai ga yaƙin da jirginsa ya yi suna a ciki ba. An ƙera sama da 20,000. A gumurzun sama na 1940, wanda suke kira Yaƙin Birtaniya, jirgin Hurricane ne ya fi yawa kuma shi ya fi kaɓo jiragen Jamus, amma Spitfire ya tafi da sunan, saboda kyan fukafukansa da saurinsa. Hurricane ɗin ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Daga 1940 ana kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Khartoum har Alƙahira, kuma dubbai ne suka bi wannan hanya.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 babu mai marmarin tsohon jirgi. A Amurka an jera dubbai a filayen Kingman da Walnut Ridge, aka sassare su aka narkar da sanholonsu. A Birtaniya 'yan gwangwan suka kwashe mafi yawa, waɗanda suka tsira kuwa aka girke su a ƙofar barikin sojan sama don ado, ruwa na dukansu, tsuntsaye na yin sheƙa a cikin injin.

Ana cikin wannan ne kamfanin Vickers ya yi wata dabara ta neman kasuwa. A 1946 ya ɗauki Spitfire guda, ya matsar da mazaunin matuƙi gaba kaɗan, ya buɗe wani a baya wanda ya ɗan fi tsayi, ya sa masa nasa kayan tuƙin, domin malami ya zauna yana lura da ɗalibi. Rundunar sojan saman Birtaniya ta duba ta ce ba ta so, hankalinta ya riga ya koma kan jiragen jet. Sai ƙasashen waje ne suka saya, su ma kaɗan: Indiya goma, Ailan shida, Holan uku, Masar ɗaya. A idon 'yan kasuwa wannan asara ce. Amma sojojin Ailan, da suka karɓi nasu a 1951, ba su da yaƙin yi kuma ba su da kuɗin canza kaya da wuri, sai suka lallaɓa jiragen har farkon shekarun 1960. Lokacin da suka sayar da su, zamanin narkarwa ya wuce. Kujerar da fasinja ke zama a kai yau, daga wannan hajar da ta yi kwantai ta samo asali.

Abin da ya dawo da darajar tsofaffin jiragen gaba ɗaya kuwa fim ne. Domin shirya fim ɗin Battle of Britain, wanda ya fito a 1969, aka ɗora wa wani tsohon matuƙin yaƙi, Hamish Mahaddie, aikin tattaro jirage. Ya bi barikoki da gidajen tarihi, ya je har Sifen inda sojoji ke amfani da samfurin jiragen Jamus da aka ƙera a can, ya haɗa kusan ɗari. Cikin Spitfire 27 da ya samo, 12 ne aka iya tayarwa, kuma biyu daga cikin na Ailan masu kujera biyu sun yi aikin ɗaukar hoto a sama. Bayan fim ɗin sai ga jirage masu lafiya, ga kanikawan da hannunsu ya dawo, ga kuma attajirai da suka gano cewa abin da ake zubarwa jiya ya zama abin alfahari. Dama tun 1957 sojan saman Birtaniya sun ware 'yan jirage na tunawa a Biggin Hill, kuma a shekarar ce wasu abokai a Texas suka haɗa kuɗi suka sayi jirgin yaƙi na Mustang guda, abin da ya zama ƙungiyar da yanzu ake kira Commemorative Air Force.

Labarin jirgi ɗaya ya isa ya nuna yadda abin ya kasance. Spitfire mai lamba ML407 an ƙera shi a 1944. Ranar 6 ga Yuni ta wannan shekara, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Normandy, wani matuƙi ɗan New Zealand mai suna Johnnie Houlton ya harbo jirgin Jamus da shi, kuma ana lissafa shi ne na farko da aka kaɓo a saman gaɓar a ranar. Bayan yaƙi aka ƙara masa kujera, ya tafi Ailan yana koyar da ɗalibai, daga nan ya kwanta a wargaje. Wani injiniya, Nick Grace, ya saye shi a 1979, ya yi shekaru yana haɗa shi, ya tashe shi a 1985. Shekara uku bayan haka haɗarin mota ya kashe Nick. Matarsa Carolyn, maimakon ta sayar, sai ta koyi tuƙa jirgin da kanta, ta tashi da shi ita kaɗai a 1990, ta kuma ci gaba da nuna shi a bukukuwa fiye da shekara ashirin. Ita ma haɗarin mota ne ajalinta, a Ostareliya a 2022.

Duk da haka, har shekarun baya-bayan nan mai kuɗi ba ya iya sayen wannan kujera. Dalili shi ne doka. Jirgin da aka ƙera don yaƙi ba shi da takardar ingancin da ake ba jirgin haya, sai wata takardar izinin tashi mai ƙuntatattun sharuɗɗa, kuma cikinsu har da hana ɗaukar fasinja don kuɗi. Mai son hawa sai dai ya zama abokin mai jirgi, ko tsohon soja da aka karrama, ko matuƙi mai lasisi da ya zo ƙarin horo. Saura kuwa sai su haƙura da Tiger Moth, ɗan jirgin koyo mai fukafukai hawa biyu da buɗaɗɗen sama wanda ya fara tashi a 1931, wanda a kansa yawancin matuƙan Birtaniya na zamanin yaƙi suka koyi aiki. Shi ana iya sayar da hawansa da sunan darasin gwaji. Kamfanonin da ke sayar da katin kyauta na yawon buɗe ido da wasanni, irin su Red Letter Days da aka kafa a 1989, da shi suka saba wa jama'a cewa ana iya ba mutum tashi sama a ambulan kamar yadda ake ba shi agogo.

Amurka ce ta fara sassautawa. A 1996 hukumar jiragen samanta ta fara ba ƙungiyoyin adana tarihi izini na musamman su ɗauki fasinja a manyan jiragen jefa bam irin su B-17, kuɗin ya tafi wajen gyara. Birtaniya sai a 2014 ta bi sahu, da wani tsari mai sauƙin fahimta: a gaya wa baligi ƙarara cewa haɗarin wannan jirgi ya fi na jirgin haya nesa ba kusa ba, idan ya ji ya gani ya sa hannu, to ya hau. Makarantar Boultbee da ke filin Goodwood tana cikin waɗanda suka fara, sai Biggin Hill da Duxford da Headcorn. Nan take lissafi ya juya. Spitfire mai kujera ɗaya cin kuɗi kawai yake yi, mai kujera biyu kuwa yana ciyar da kansa. Sai masu gyara suka shiga mayar da masu kujera ɗaya zuwa biyu, har aka yi wa Hurricane guda haka.

Ranar da mai kyauta ya je karɓar abinsa, ba a kai shi wajen jirgi kai tsaye. Ana auna nauyinsa, a zaunar da shi ya kalli bidiyon haɗurra da abin yi, ya sa hannu. A ba shi rigar matuƙa da hular kwano mai abin magana, a goya masa laimar sauka, a koya masa yadda zai buɗe murfin gilashi ya kwance bel ya fice idan matuƙi ya ce a fita. Nan ne fara'ar wasu ke raguwa. Sai a cusa shi cikin mazaunin da kafaɗunsa ke taɓa bango hagu da dama, a nuna masa ledar amai. Injin Merlin mai silinda 12 da lita 27 yakan yi tari ya fesa hayaƙi kafin ya kama, warin mai ya cika hanci. A ƙasa jirgin ba ya tafiya miƙe, sai dai ya riƙa karkata hagu da dama, domin dogon hancinsa ya tare wa matuƙi gaba. Daga yankin Kent akan nufi fararen duwatsun gaɓar Dover, inda aka yi wancan gumurzu. A can sama matuƙi yakan sakar wa fasinja sandar tuƙi na 'yan mintoci, kuma idan cikinsa ya yarda, a yi masa juyin nan da matuƙan yaƙi ke yi in sun dawo da nasara. Iyalan da suka biya suna ƙasa da wayoyi a hannu. Idan hadari ya haɗo, kowa ya koma gida a sake rana.

Wadda ta fi kowa cancantar irin wannan kyauta ita ce Mary Ellis. A lokacin yaƙi tana cikin matan da ke kai sababbin jirage daga masana'anta zuwa sansanoni, ta tuƙa Spitfire kusan 400. Da ta cika shekara 100 a 2017 aka ɗauke ta a mai kujera biyu, ta karɓi tuƙi, yayin da wani Spitfire da ita ta kai shi sansani a 1944 yake tafiya a gefenta. Amma irinta sun ƙare. Masu hawa yanzu 'ya'ya ne da jikoki, wasu da hoton mahaifi a aljihu.

A ganina akwai abu biyu da masu talla ba sa son faɗa da ƙarfi. Na farko, kalmar "na asali" tana da faɗi. Spitfire P9374 ya faɗi a yashin gaɓar Calais a 1940, teku ta tona shi a 1980, aka sake gina shi, aka sayar a gwanjon Christie's na Landan a 2015 a kan fam miliyan 3.1. Jirgin da ya shekara arba'in cikin yashi da gishiri, kowa ya san yawancin ƙarfen da ke jikinsa yau sabo ne. Wannan ba zamba ba ce, hasali ma shi ya fi wa fasinja alheri, amma ya kamata mai saye ya san cewa suna da lamba yake biya, da aikin kanikawan zamani.

Na biyu, sa hannun nan ba wasa ba ne. Ranar 4 ga Agusta 2018 wani Junkers 52 ƙirar 1939, mai yawo da fasinja, ya faɗi a duwatsun Suwizalan, mutum 20 da ke ciki duk suka rasu. Ranar 2 ga Oktoba 2019 wani B-17 na gidauniyar Collings ya faɗi a filin jirgi na Bradley a jihar Connecticut, bakwai cikin 13 suka mutu. Masu bincike sun sami laifi a tuƙi, da gyaran inji, da sakacin hukumar da ke sa ido, kuma a 2020 aka janye wa gidauniyar izinin ɗaukar fasinja. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma tsohon inji sai da bakanike mai tsoron Allah da hukuma mai bin diddigi.

Duk da haka ban ga laifin sana'ar ba. Ba don kuɗin waɗannan ambulan ba, da yawancin jiragen sun koma gidan tarihi an rataye su da waya. Mai niyyar yi wa mahaifinsa irin wannan kyauta dai ya tambaye shi tukuna ko yana so, ya nemi shawarar likitansa, ya kuma duba ranar da katin zai daina aiki. Idan kuwa babban jirgin jefa bam na Lancaster dattijon ke muradi, to biyu ne kacal suka rage masu tashi a duniya. Na Birtaniya na soja ne, ba ya ɗaukar fasinja, sai dai a yi tattaki zuwa Hamilton a Kanada.