Tarihin Ƙaramin Alƙalin Da Ke Kunna Fitilar Sola

Yau tambayata ɗaya ce: fitilun solar nan da ke kan titi, daga Moriki zuwa Zurmi har Shinkafi, wa ke gaya musu magariba ta yi?

Amsar wata 'yar na'ura ce da masu lantarki ke kira kwamfareta, ni kuwa makwatanci nake ce mata. Ku ɗauko sikeli mai faranti biyu a ranku. Ba ruwansa da kilo nawa ne, abin da yake nunawa kawai wane ɓangare ya rinjayi wani. Haka makwatanci yake: wayoyi biyu ke shiga, ya duba wacce ta fi ƙarfin wuta, ya ba da amsa 1 ko 0. A fitilar sola, fanel ɗin ne ido. Rana na faɗuwa wutarsa ta yi ƙasa da ma'aunin da aka sa, sai fitila ta kama.

To amma akwai matsala. Daidai lokacin da faranti biyu suka kusa yin kunnen doki, amsar rawa take yi, fitila ta dinga kamawa tana mutuwa. Wanda ya warware wannan ɗalibi ne a Amurka, Otto Schmitt, a 1934, yana nazarin yadda saƙo ke bin jijiyar wata dabbar teku. Dabararsa ita ce a sa iyaka biyu: ta kunnawa daban, ta kashewa daban. Ya buga aikin a 1938, zamanin da ake haɗa irin wannan da kwalaben lantarki irin na tsoffin rediyo.

A 1965 Bob Widlar na kamfanin Fairchild ya matse makwatanci cikin guntu ɗaya mai suna uA710. A 1972 guntun 555 ya shigo kasuwa ɗauke da makwatanta biyu, kuma har gobe ana sayar da shi. A 1974 Texas Instruments ya fara sayar da TMS1000, kwamfuta sukutum a guntu ɗaya, wato maikurokontirola. Daga baya aka tura makwatancin ciki. Allon Arduino Uno da ɗalibai ke koyo da shi yana ɗauke da ATmega328P, kuma ƙafafunsa na 6 da 7 su ne farantan sikelin. Idan wutar ta 6 ta fi ta 7, amsa ta zama 1, nan take ya katse wa kwamfutar abin da take yi, ko ya tashe ta daga gyangyaɗi. Ba sai ta kwana tana leƙe tana shan batir ba.

Ga inda abin ya shafi aljihunmu. Kontirolan sola na gida irin wannan hukuncin yake yankewa: batir mai bolt 12 ya sauka wajen 11, ya yanke wuta, ba zai mayar ba sai ya haura kusan 12.6. Dabarar Schmitt ke nan. Amma sai ka ga mutum ya ji haushi, ya ce kontirola ya lalace, ya jona fanka da cajin waya kai tsaye a kan batir. Ya kori alƙali, batir ya dinga zuƙewa har ƙasa, bai daɗe ba ya mutu. A yankin da dare ke da tsoro kamar namu, rasa haske ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa nake kira ga matasanmu, musamman 'yan Foliteknik ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda: ku ɗauki mita, ku auna inda kontirola ke yankewa, ku fahimtar da mai gida dalili kafin a jefar da shi.

Mai gyaran sola a cikinku ya faɗa mana abin da ya fi gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.