Inji Ba Ya Noma: Nazari a Kan Tarihin Masana'antar Sarrafa Tumatir ta Ikara

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin masana'antar sarrafa tumatir da gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna ta kafa a Ikara, cikin ƙasar Zazzau, a 1981. Ra'ayin da ta tsaya a kai shi ne, babban abin da ya durƙusar da masana'antar rashin tsayayyiyar yarjejeniya ne tsakaninta da manoman da za su ciyar da injinanta. Kasancewarta mallakar gwamnati ƙaramin ɓangare ne na matsalar.

Gabatarwa

Duk wanda ya san noman rani a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi da Danja ya san yadda kakar tumatir take. Daga Janairu zuwa Afrilu kaya kan yi yawa har kwando ya rasa mai taya shi, manomi ya yanka ya shanya a ƙasa ya mai da shi kauɗa don kada ya tashi a tutar babu. Da damina ta kankama sai tumatir ya yi tsada, uwargida ta koma ga na gwangwani, wanda galibi markaɗensa daga ƙetare yake zuwa. Wannan giɓi ne gwamnatin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ta jam'iyyar PRP ta so cikewa da masana'antar Ikara, kuma tunanin ya dace da aƙidarta ta kai sana'a inda talaka yake noma. Sai dai masana'antar ta zo duniya a mugun lokaci. A ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar dokokin jihar, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige gwamnan. A 1982 faɗuwar kuɗin mai ta sa gwamnatin Shagari ɗaukar matakan tsuke bakin aljihu, sannan shirin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka gagari kamfanonin jihohi. Ikara ta yi shekaru masu yawa a rufe kafin gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta haɗa gwiwa da kamfanin Springfield Agro aka farfaɗo da ita a 2014, amma farfaɗowar ba ta ɗore ba.

Lissafin da ke bayan ƙofar masana'anta

Alƙaluman da aka bayyana lokacin farfaɗowar sun nuna cewa masana'antar na iya sarrafa tan 16,950 na tumatir, kuma tana da filin noma hekta 700. Idan aka raba na farko da na biyu, za a ga kowace hekta sai ta ba da kusan tan 24 kafin filin ya ƙosar da injin. Ƙaramin manomi a Arewa, da irin da yake shukawa da ban-ruwan da yake yi, yawanci ba ya kai tan 10 a hekta, alhali manoman Kalifoniya a Amurka kan haura tan 100. Ke nan tun daga tushe masana'antar ta dogara ne ga sayen kaya daga lambunan jama'a. A nan kuma take cin karo da dillali. Ana buƙatar wajen tan 6 na ɗanyen tumatir kafin a samu tan guda na markaɗe mai kauri, don haka farashin da masana'anta za ta iya biya yana da iyaka, in ta wuce shi ta faɗi. Dillalin da ke loda kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ba shi da wannan iyakar. Manomi yakan kai wa masana'anta kaya a makonnin da kasuwa ta cika ta batse, da farashi ya ɗaga kuma ya juya ga dillali. Ba za a ga laifinsa ba, domin shi ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, kuma ba wanda ya raba asara da shi a shekarun da kaya suka ruɓe. Sakamakon shi ne inji ya yi aikin 'yan makonni, ma'aikata da masu gadi da bashin banki kuwa su ci albashi da ruwa na wata 12. Akwai kuma batun iri, wanda ba a cika kula da shi ba: tumatirin da ya yi wa mai miya daɗi, mai ruwa-ruwa, ba lalle ya yi wa masana'anta ba, domin ita tsoka take nema da jan launi.

Amsa ga masu wani ra'ayi

Hujjar da aka fi ji ita ce gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, kayan gwamnati kuwa ba su da mai kuka. Akwai gaskiya a ciki, kuma tarihin kamfanonin jihohin Arewa ya isa shaida. Amma da wannan ne kaɗai ciwon, da shigowar 'yan kasuwa ta warkar da shi. Masana'antar Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano ba ta gwamnati ba ce, tana zaune ne a tsakiyar filayen da madatsar Tiga ke shayarwa, kuma an gina ta don sarrafa tan 1,200 a rana, wato cikin mako biyu za ta iya cinye abin da aka ƙiyasta wa Ikara. An buɗe ta a Maris 2016, ba a daɗe ba ta tsaya, ta sake buɗewa a 2019, kuma ƙarancin ɗanyen kaya da saɓani kan farashi suka ci gaba da hana ta aiki yadda aka tsara. Mai kuɗi da gwamnati sun yi tuntuɓe da dutse ɗaya.

Wasu kuma kan ɗora laifin a kan tsutsar Tuta absoluta, wadda aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir. Ɓarnarta a 2016 ta kai gwamnatin Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu, kuma ta shafi Ikara da Kadawa duka. Sai dai annobar ta tarar da Ikara ta riga ta shafe mafi yawan rayuwarta a kulle.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta markaɗen ƙasar Sin mai arha, wanda ake shigowa da shi cikin durom a zuba a gwangwani da leda a Legas. Wannan ya sa Babban Bankin Nijeriya ya saka tumatir cikin kayayyaki 41 da ya hana wa canjin gwamnati a 2015, sannan a 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin markaɗen daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin ɗari, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. Matakin ya dace, amma haraji na iya tsare iyaka ne kawai, ba ya ƙara wa hekta amfani, ba ya kuma sa manomi ya amince da mai saye. Bayan an ɗaga harajin, masana'antun Arewa sun ci gaba da kukan rashin kaya. A Gana ma masana'antar Pwalugu, wadda aka gina tun zamanin Nkrumah, ta rufe, aka farfaɗo da ita da sunan Northern Star, ta sake tsayawa yayin da 'yan kasuwar ɗanyen tumatir ke wuce ta zuwa Burkina Faso. Inda abin ya ɗore shi ne kwarin Kogin Senegal. Can kamfanin SOCAS da ƙungiyoyin manoma kan yanke farashi tun kafin dashe, bankin manoma ya ba da rance bisa wannan takarda, a cire bashin daga kuɗin kayan da aka kai masana'anta. Su ma markaɗen waje yana takura musu, amma injinansu sun shafe shekaru da dama suna samun abin niƙa.

Saboda haka duk gwamnatin Kaduna da ta yi niyyar sake tayar da Ikara, kada ta fara da fenti da yanka kirtani. Ta fara zama da manoman Ikara da Kubau da Soba da Maƙarfi a watan Satumba, kafin a zuba iri a reno, a rubuta farashi da irin da za a shuka da wanda zai ɗauki asara idan tsutsa ta sauka, kowa ya sa hannu.