Agogon Suwizalan a Tamale: Kalma, Haja da Sana'a

Ɗalibin da ke son tarihin agogo a ƙasar Hausa da zangunanta zai iya farawa daga bakinsa. Kalmar "agogo" aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa. Idan kuma Bahaushe ya ce "ƙarfe uku", ƙarfen da ake bugawa don sanar da lokaci yake ambata. Kafin haka da rana da salla ake auna yini: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga ba su buƙaci fiye da wannan ba.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, sannan a 1907 Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar arewacin Gwalkwas daga Gambaga zuwa Tamale. Ofis da bariki da makarantar boko duk da minti suke aiki, don haka agogo ya zama kayan malamin ofis kafin ya zama adon attajiri. Suwizalan kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun 1859 aka kafa kamfanin ciniki na mishan ɗin Basel, wanda daga gare shi UTC ya fito a 1921, yana shigo da kayan Turai ta bakin teku.

Agogo mai wani abu ne da aka ƙera domin a riƙa gyara shi. Wanin da ake yi masa yana ɗaure wani siririn sifirin, shi kuma yana sakin ƙarfinsa a hankali ta cikin ƙafafu masu haƙora zuwa wata 'yar ƙafa mai kai da komo. A yawancin agogunan wancan zamani tana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a daƙiƙa. Duwatsu 17 da ake rubutawa a fuskarsa yakutu ne na ƙira, masu rage gogayya. Man da ke kansu yana bushewa, ƙurar hunturu tana shiga, sai a kai wa mai gyara ya kwance, ya wanke, ya ɗiga sabon mai. Nan sana'ar take.

Ƙarshen 1969 ya zo da abu biyu. A Nuwamba gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, Yarbawan da suka cika kasuwar Tamale da Hausawa da dama suka tashi. A Disamba kuma kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ƙwayar kwaz. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun kai kimanin 90,000 a 1970, amma a tsakiyar shekarun 1980 saura wajen 30,000. Mai gyara ya koma canza batir da maɗauri.

Yau tsohon Omega ko Longines ya sake daraja a kasuwannin Turai da Amurka, sai dai bisa sharaɗin da ya saɓa wa tarbiyyar mai gyara. Shi an koya masa ya goge jiki har ya yi ƙyalli, ya sake fentin fuska. Mai tara tsofaffin agoguna kuwa fuskar asali yake nema, ko da ta koɗe, kuma fenti yana karya farashi ƙwarai. A ganina wannan ne ya kamata magada su sani kafin su fito da agogon mahaifinsu daga adaka. Ga kuma matsalar kayan gyara: daga ƙarshen 2015 kamfanin Swatch, mai Omega da Longines, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyaransa. Abin da ya rage wa mai teburi a bakin kasuwa shi ne ya ciro haƙori daga mataccen agogo ya raya wani.