Liyarin kaka da littattafan da ke yi masa kuɗi

A gidajenmu da dama, daga Gedambaliya zuwa unguwannin Gadarif, akwai wata 'yar gwangwani ko ƙullin tsumma a ƙasan adaka, cikinsa tsofaffin kuɗin ƙarfe waɗanda ba su sayen ko gishiri a yau. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 rayuwa ta yi tsanani, waɗannan ƙulle-ƙulle suka fara fitowa. Wasu ana kai su wajen maƙeran azurfa a auna a narkar. Wasu kuwa samari ne ke ɗaukar hotonsu su nemo su a kundayen masu tara tsofaffin kuɗi, su dawo da labarin cewa gidansu ya yi arziki. Ra'ayin masu karatunmu a kan littattafan nan ya rabu biyu: akwai masu ɗaukar duk lambar da suka gani ciki tamkar yankan wuƙa, akwai kuma masu cewa littattafan Turawa ne, ba su san komai game da mu ba. Mu dai muna ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma liyari ne zai raba gardamar.

Liyari shi ne babban kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tariza, wanda Larabawa ke kira Abu Nuƙɗa ko Abu Ɗair saboda ɗige-ɗigen adonta da tsuntsu mai kai biyu da ke bayansa. Duk wanda ya duba nasa zai ga shekarar 1780, kuma a nan ne zuciya ke fara bugawa. To amma 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce. Saboda 'yan kasuwar Bahar Maliya, Habasha da Sudan sun ƙi karɓar kowane irin kuɗi sai shi, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a sauya ba. An buga shi a Biyana, an buga a Roma lokacin da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, an buga a Landan, Faris, Burasel da Bombai, har yanzu ma gidan buga kuɗin Ostiriya bai daina ba. Adadin da aka fitar ya haura miliyan 300. Ke nan liyarin da ke hannun mutum yana iya zama sa'an kakansa, ba sa'an Shehu Ɗanfodiyo ba. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfa tsantsa a ciki kamar giram 23, kuma mafi yawansu darajarsu ba ta wuce ta wannan azurfar da nisa ba. A nan littafi ya yi rana, domin wanda ya san wannan ba za a sayar masa da mafarki ba, maƙeri kuma ba zai tauye masa awo ba.

Kundin da aka fi ambata shi ne Standard Catalog of World Coins na Chester Krause da Clifford Mishler, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1972. Daga sunayensu ne aka sami lambar KM da ake maƙala wa kowane kuɗi. Aikinsa jerawa ne: ƙasa, shekara, ƙarfe, nauyi, sannan farashi da dalar Amurka hawa-hawa bisa lafiyar kuɗin. Wannan hawa-hawar ce masu ɗoki ke tsallakewa. Farashin da ke can ƙarshen layi na kuɗin da hannu bai taɓa gogewa ba ne. Namu kuwa iyayenmu mata sun huda su, ko an yi musu kunne an zura a sarƙa, sun sha gumi da man shanu shekara da shekaru, sannan aka darje su da toka da lemun tsami don su yi ƙyalli. A idon mai tara kuɗi, huda da darza duk aibu ne. Abin da ya mai da kuɗin ado a wurinmu shi ne ya karya farashinsa a wurinsu.

Inda littattafan suka fi amfani, a ganinmu, shi ne kuɗin Mahadiyya, domin a nan ba a iya gane komai da ido kawai. Bayan faɗuwar Hartum a Janairun 1885, Mahadi ya sa aka buga kuɗi da shekarar hijira 1302: na zinariya da aka kwaikwayi na Masar, da riyal na azurfa a siffar majidi na Turkawa. Halifa Abdullahi ya ci gaba a Umdurman, inda aka fitar da riyal ɗin da ake kira maƙbul, wato karɓaɓɓe, a 1304. Sunan kansa ya tona asirin damuwar hukuma. Da azurfa ta yi ƙaranci a baitulmali, sai aka riƙa ƙara jan ƙarfe a kowane sabon bugu, har aka kai ga riyal ɗin da jan ƙarfe ne aka shafa wa azurfa a fuska. Halifa ya yi ta ba da umarnin a karɓe shi, 'yan kasuwa kuma suka yi ta ɓoye liyari da majidi suna tsawwala farashi ga mai biya da sabon kuɗi. Wannan ya zo daidai da yunwar sanat sitta ta 1306, wadda ta yi wa yankin Gadarif mummunar ɓarna, da kuma yaƙin Gallabat na Maris 1889 inda sarkin Habasha Yohanna ya rasa ransa. Wanda ya jera riyal ɗin Halifa guda huɗu ko biyar bisa shekarunsu, zai ga daular tana ramewa a tafin hannunsa.

Cikin waɗanda suka tsara waɗannan kuɗi dalla-dalla akwai H. S. Job, a wata maƙala da mujallar Sudan Notes and Records ta buga a 1920. A. J. Arkell ya yi irin wannan aiki a 1940 kan kuɗin Sarkin Darfur Ali Dinar, wanda ya yi mulki a Fashir daga 1898 zuwa 1916. Rubuce-rubucen ma'aikatan mulkin mallaka ne, kuma ana jin ƙanshin hakan a cikinsu, amma awo da bayanin tambari ba su da ɓangare. Wanda yake son jin maganar daga bakin ɗan ƙasa sai ya nemi littafin Muhammad Sa'id al-Ƙaddal kan siyasar tattalin arzikin daular Mahadiyya.

To ina gaskiyar masu cewa littattafan ba su san mu ba? Tana cikin sunaye. Kundi zai ce maka kuɗin Sudan na farko bayan 'yancin kai suna ɗauke da shekarar 1956 da hoton ɗan aiken gidan waya bisa raƙumi, kuma haka ne. Amma ba zai gaya maka rabin girishi shi ne ta'arifa ba, girishi biyu farini, biyar shilin, goma riyal, alhali a Masar riyal girishi ashirin ne. Da waɗannan sunaye aka biya kakanninmu ladan yankan dawa a gonakin injin da aka buɗe a nan Gedambaliya a tsakiyar shekarun 1940, da su aka yanka sadaki.

Haka kuma zancen yake ga kuɗin da aka zo da su daga yamma. A cikin ƙullin tsofaffi akan tarar da wani ɗan ƙaramin kuɗi mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a gefe. Kundi ya san shi: ɗaya bisa goma na kwabo, na Afirka ta Yamma ta Ingila, an fara buga shi a 1907, da alminiyam a farko. Mu kuwa anini muka san shi, kuma har gobe muna cewa wane ba shi da ko anini, ko da mai faɗin bai taɓa ganinsa ba. Kundin ba shi da layin da zai rubuta yadda aninin Kano ya kwana a Gadarif. Ba ruwansa da alhazan da suka yi shekaru a hanya ta Fort Lami, Abeshe da Ubayyid suna noma suna gaba, balle waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu.

Wuri kuwa ko shafi ba shi da shi a irin waɗannan kundaye, tunda ba a gidan buga kuɗi aka yi shi ba, alhali kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Sai an koma ga Heinrich Barth, wanda ya tarar ana canza dala ɗaya a wuri 2,500 a Kano a 1851, ko ga binciken Marion Johnson na 1970, kafin a ga lissafin zambar da keso. Cikin littattafan baya-bayan nan, wanda ya fi kusantar yadda muke kallon liyari shi ne A Silver Legend na Clara Semple, wanda ya fito a 2005, domin ya bi kuɗin har wuyan mata da teburin maƙera, bai tsaya kan sikeli ba.

Saboda haka shawarar da muke ba wanda larura ta sa zai rabu da ƙullin gidansu ita ce kada ya darje kome, ya ware na Mahadiyya da na Darfur daga sauran domin ba su ne na narkarwa ba, ya auna liyari a wuri biyu kafin ya sallama. Kafin ya fita da su kuma, ya shimfiɗa su gaban mafi tsufa a gidan, ya ɗauki hoton gaba da baya, ya tambaya ya rubuta: me ake kiran wannan, wa ya zo da shi, ta wace hanya, a wuyan wa aka fara ganinsa.