Canon 5D Mark II: abin da take iya yi a hoto da bidiyo, da abin da mai saye zai duba

Canon EOS 5D Mark II kyamara ce irin wadda ake cire mata ido a sa wani, idon da masu Faransanci ke kira objectif. Kamfanin Canon na ƙasar Japan ya gabatar da ita a watan Satumba na shekara ta 2008, a kan kuɗi dala 2,699 na Amurka, ba tare da ido ba. Tun shekara ta 2012 Mark III ta gaje ta, Mark IV ta biyo baya a 2016, amma har yanzu tana yawo a kasuwar kayan hannu, wato okaziyo, a farashin da bai kama ƙafar na farko ba. Wannan araha ce ke sa masu ɗaukar hoton biki da matasa masu sha'awar fim suke tambayar ko har yanzu ta cancanci kuɗinta. Amsar ta danganta da aikin da za a ba ta, domin ƙarfinta a hoto daban, a bidiyo daban.

Yadda ta yi suna

Ba ita ce ta fara ɗaukar bidiyo a cikin kyamarori masu madubi ba. Nikon D90 ta riga ta da ƴan makonni, sai dai bidiyon Nikon ɗin ya tsaya a 720p, kuma ba ya wuce minti 5. Ita Canon ta zo da 1080p, wato ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, a kan babban farantin haske. Wani mai ɗaukar hoto, Vincent Laforet, ya yi ɗan gajeren fim mai suna Reverie da ita tun kafin ta shiga kasuwa, kuma fim ɗin ya ja hankalin masu sana'ar. A watan Janairun 2009 Pete Souza ya ɗauki hoton hukuma na shugaban Amurka Barack Obama da ita, karo na farko da aka yi irin wannan hoto da kyamarar dijital. A 2010 kuma aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na 6 na shirin talabijin House da ita.

Ɓangaren hoto

Farantin haske, capteur a Faransanci, shi ne zuciyar kowace kyamara, kuma na wannan yana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, daidai da tsohon fim na 35mm. Yana ɗauke da ɗigo miliyan 21.1. Wannan ya isa a wanke babban hoton da za a rataya a falo, ko a buga fosta, ba tare da ya dushe ba. Girman farantin ne kuma ke sa fuskar mutum ta fito tsaf, bayansa ya narke, abin da wayar salula ke ƙoƙarin kwaikwaya da lissafi. Launin fatar mutum yana fitowa da kyau, kuma a ISO 1600 hoton cikin ɗaki yana da tsabta. Daga 3200 zuwa 6400 ƙura-ƙura na fara bayyana. Ana iya tura ta har 25600, amma wannan adadi na talla ne kawai.

Rauninta biyu ne. Na farko, saitin kaifi. Maki 9 take da su da ake gani, sai 6 na taimako da ke ɓoye, kuma na tsakiya ne kaɗai abin dogaro idan haske ya yi ƙasa. Tana ɗaukar hoto 3.9 a sakan guda. Ga amarya da ke zaune ko ɗalibi mai hoton takardar shaida, babu matsala. A filin kokawa ko sukuwar dawaki kuwa, hotuna da yawa za su fito a dushe.

Na biyu ya fi shafar ƙasashen da rana ke da ƙarfi. Idan mutum baƙi ya sa farar babbar riga ya tsaya a rana tsaka, tazarar da ke tsakanin hasken rigar da duhun fuskar tana da yawa. In aka auna haske a kan rigar, fuska ta yi duhu, kuma idan aka zo ɗaga duhun a kwamfuta, wannan kyamara tana fitar da ƙura da wasu layuka sirara a wurin. Kyamarorin da suka fito bayanta sun fi ta haƙuri a nan nesa ba kusa ba. Maganin shi ne inuwa, ko fitilar flash ta waje, domin ba ta da ta jikinta.

Ɓangaren bidiyo

A nan ne ya kamata mai saye ya natsu. Da farko ta fito tana ɗaukar hotuna 30 a sakan kawai, kuma ita ke zaɓar wa kanta haske. Canon ya gyara wannan da sabunta manhajar cikinta: a watan Yunin 2009 aka ba mai ɗauka ikon saita haske da hannunsa, a watan Maris na 2010 aka ƙara 24 da 25 a sakan, da ikon daidaita ƙarfin sauti. Saboda haka ya kamata a buɗe menu a ga lambar manhajar. In ta fara da 1, tana buƙatar sabuntawa kafin a yi aikin kirki da ita.

Batun 25 ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Wutar lantarki a Nijar da Najeriya da maƙwabtansu tana juyawa sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60. Kyamarar da aka bari a tsarin NTSC na Amurka, idan aka shiga da ita zauren biki mai fitilun neon ko wasu fitilun LED masu araha, bidiyon yakan fito yana ƙyaftawa ko da wasu ratsi masu tafiya. Sai a mayar da ita tsarin PAL, a zaɓi 25, a sa gudun labule a 1/50. Idan injin wuta ne ke ba da hasken, juyawarsa ba ta cika tsayawa daidai ba, don haka gwajin ƴan sakanni kafin a fara yana da amfani.

Wannan 1/50 ɗin shi ke sa motsi ya yi laushi irin na fim, amma a waje yana da tsada. A rana tsaka, ko a ISO 100, sai an tsuke buɗin ido zuwa wajen f/22, kuma a nan narkewar baya, wadda dominta aka sayi kyamarar, ta tafi. Mai son f/4 dole ya rage haske da mataki 5, kuma gilashin ND da ake ɗaurawa a bakin ido ne ke yin wannan aiki. Duk wanda zai yi bidiyon waje ya lissafa kuɗinsa tun farko.

Kowane ɗauka yana tsayawa idan fayil ya kai giga 4, wato kimanin minti 12. Ga fim, inda ake ɗauka gutsure-gutsure, wannan ba damuwa ba ce. Ga wa'azi, taron manema labarai ko ɗaurin aure, ba ƙaramin cikas ba ne, domin sai an sake dannawa, kuma maganar da aka yi a tsakani ta wuce ke nan. Awa guda na cin kusan giga 20. Katinta CompactFlash ne, ba SD da ake samu a kowane shagon waya ba, kuma rami ɗaya ne. In katin ya lalace, babu kwafi na biyu.

Ba ta bin mutum da kaifi yayin da take ɗauka. Da hannu ake juya zoben ido, a kan allon da ba ya lanƙwasawa kuma yake wuyar gani a rana. Tana da ramin makirfo na waje, amma babu na abin sauraro na kunne, don haka mai ɗauka ba ya jin abin da ke shiga sai ya gama. Shi ya sa ƙwararru ke naɗar sauti a wata na'ura daban su haɗa daga baya. Idan aka juya ta da sauri, sanduna da bangaye sukan karkace kamar za su faɗi. Sannan, saboda yadda take tsallake layukan faranti don ta rage ɗigo miliyan 21 zuwa miliyan 2 na bidiyo, duk abu mai ƙananan zane yakan yi rawa da launukan ƙarya: saƙi mai ratsi, leshi, aikin hula, rufin kwano daga nesa. A wurin biki kuwa waɗannan su ne suka cika ido.

Akwai manhajar sa-kai mai suna Magic Lantern, wadda aka fara a 2009 musamman don wannan kyamara. Tana ƙara ma'aunin sauti a allo da alamar da ke nuna inda kaifi yake, kuma tun 2013 tana iya naɗar ɗanyen bidiyo mai inganci sosai, in akwai kati mai sauri. Ba ta Canon ba ce, kuma wanda ya sa ta ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya.

Ido, zafi da ƙura

Babbar dukiyar wannan kyamara ita ce idanun EF, tsarin da Canon ya fara tun 1987, don haka na hannu suna da yawa. EF 50mm f/1.8 shi ne mafi araha kuma ya isa hoton mutum. EF 24-105mm f/4L IS yana da abin rage girgiza, abin da jikin kyamarar ba shi da shi. A kula, idanun EF-S da ke zuwa da ƙananan kyamarori irin su 600D ba sa hawa kanta. Idanun EF kuwa suna aiki a sababbin Canon marasa madubi na tsarin RF, da aka fara a 2018, ta hanyar zoben haɗi, saboda haka kuɗin da aka zuba a ido ba ya mutuwa tare da jikin kyamara.

Canon ya ƙayyade mata aiki tsakanin digiri 0 da 40. A watannin Afrilu da Mayu, zafin Yamai ko Tawa yakan wuce haka, kuma bidiyo na ƙara dumama farantin har alamar gargaɗi ta fito, hoto ya ƙara ƙura. Lokacin hunturu kuma ƙurar iska ce abokiyar gaba. Duk sanda aka cire ido, ƙofa ta buɗe. A kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a canja a cikin ɗaki ko mota. Tana girgiza farantinta da kanta don kakkaɓe ƙura, amma wannan ba ya cire wadda ta manne.

Kafin a biya kuɗi

An yi labulenta don ya jure dannawa kimanin 150,000. Ba ta nuna adadin a menu, sai an haɗa ta da kwamfuta ko an duba ta Magic Lantern. Ƙaramin adadi ma ba shaida ba ce, domin wadda ta yi shekaru tana bidiyo za ta nuna kaɗan alhali farantinta ya sha zafi. Don haka a rufe bakin ido, a ɗauki bidiyo na minti ɗaya a ISO mai yawa, a duba a babban allo ko akwai ɗigo ja ko fari da ba ya motsi. A hoto ana goge irinsa cikin sauƙi, a bidiyo kuwa yana nan a kowane sakan. A ɗauki sararin sama a f/16 don ganin tabon ƙura. A haska tocila cikin ramin kati, domin ƙusoshinsa sirara ne kuma suna lanƙwashewa. Ido kuma a ɗaga shi ga haske a nemi fumfuna mai kama da saƙar gizo, musamman in ya daɗe a garuruwan bakin teku masu laima. Batirinta LP-E6 ne, sabo yana kai hoto wajen 850, amma na jabu sun yi yawa, kuma bidiyo na shanye shi da wuri.

Ga mai situdiyo ko mai hoton biki da kuɗinsa bai da yawa, lafiyayyar 5D Mark II da ido mai kyau za ta yi aikin da abokin ciniki zai yaba. Wanda bidiyo ne abincinsa, gara ya ƙara haƙuri ya tara. Panasonic GH5 ta 2017 tana ɗaukar 4K ba tare da iyakar minti ba, kuma tana rage girgiza a jikinta. Sony A7 III ta 2018 tana bin fuska da kanta a bidiyo, ga ramin abin sauraro. Dukansu biyu suna da ramin katin SD guda biyu, abin da ke ba mai ɗaukar ɗaurin aure damar ajiye kwafi tun yana filin aiki.